Tambayoyin Masu Karatu: Ta Wace Hanya Zan Girka Rumbun Bayanai a Kwamfutata?

Daga wani ɗalibi, Tawa

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe ta karatun kimiyyar kwamfuta a nan Tawa, kuma aikin da zan kare a ƙarshen shekara manhaja ce da nake rubuta wa wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa, wadda za ta riƙe musu lissafin buhunan da suka shiga sito da waɗanda suka fita, da bashin da ke kan kowane dillali. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ce da na saya a hannun wani, tana ɗauke da Windows, RAM ɗinta giga 4, batirinta kuma ya gaji. Malaminmu ya ce rumbun bayanai na PostgreSQL ne ke kan sabar da ƙungiyar za ta kama haya, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kanta a intanet. Abokaina sun raba mini hankali: wani ya ce WampServer da muka saba da shi tun shekarar farko ya isa, wani ya ce yanzu duk ƙwararre da Docker yake aiki, na uku kuma ya ce in fara da SQLite daga baya in canza. Wanne zan bi, alhali forfe na intanet ma da ƙyar nake saye?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Rabin amsar tana cikin wasiƙarka, a wurin da ka ce PostgreSQL ne ke kan sabar da manhajar za ta zauna. Rumbun bayanan da mai rubuta manhaja yake girkawa a kwamfutarsa wurin gwaji ne, kuma gwaji ba ya da amfani sai ya yi kama da wurin da za a yi aikin gaske. Saboda haka tambayar farko a kullum ita ce wane rumbu ne ke can, kuma wace siga, sannan daga baya a duba hanyar da kwamfuta da aljihu za su iya ɗauka.

Wannan kaɗai ya fitar da WampServer daga lissafi, domin abin da ke cikinsa shi ne Apache da PHP da MySQL da MariaDB, babu PostgreSQL. Na san dalilin da ya sa abokinka ya kawo shi, tunda a makarantunmu na ƙasashen da ke karatu da Faransanci da shi ko EasyPHP aka fi fara koyar da ɗalibai, kuma mutum yana ƙaunar abin da hannunsa ya saba da shi. Sai dai MySQL da PostgreSQL, duk da cewa da SQL ake magana da su biyun, kowanne yana da karinsa. A MySQL ana rubuta AUTO_INCREMENT domin lambar layi ta riƙa ƙaruwa da kanta, PostgreSQL kuwa bai san wannan kalma ba, SERIAL ko GENERATED AS IDENTITY yake karɓa. Wanda ya fi cutarwa shi ne bambancin da ba ya nuna kuskure ko ɗaya a allo. Idan ka nemi «galmi» da ƙaramin baƙi a MySQL yadda aka saba saita shi, zai kawo maka duk layukan da aka rubuta «Galmi», amma PostgreSQL zai dawo maka hannu wofi sai ka yi amfani da ILIKE ko ka mayar da baƙaƙen ƙanana kafin kwatantawa. Ka ga sai manhajar ta yi aiki lafiya a ɗakinka, ranar da magatakardan ƙungiya ya zauna gabanta kuma ya nemi albasar Galmi ya rasa.

Maganar SQLite ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin ba shawarar banza ba ce. Richard Hipp ya fitar da shi a shekarar 2000, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, ba ya buƙatar saba, rumbun duka fayil ɗaya ne da za ka iya kwafewa kamar hoto. Matsalarsa a wurinka ita ce sauƙin halinsa. Idan ka ce wani gurbi na lamba ne, sannan manhajarka ta tura masa kalmar «goma» maimakon 10, SQLite zai karɓa ya ajiye, kuma ba ya tilasta alaƙar da ke tsakanin tebura sai ka kunna ta da PRAGMA foreign_keys a duk lokacin da ka buɗe rumbun. Ke nan za ka iya share sunan dillali daga tebur alhali bashinsa yana nan rataye ba mai shi, ba wanda zai ce maka uffan. PostgreSQL ba ya yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma gara ka sha wannan tsananin tun yau da kake rubutu, da ka tarar da shi mako guda kafin ranar kare kundi. Amma ga wata tambaya da ya kamata ka kai wa malaminka da shugabannin ƙungiyar: mutum nawa ne za su riƙa shigar da lissafi a lokaci ɗaya? Idan magatakarda ɗaya ne a kan kwamfuta ɗaya a cikin sito, to hayar saba ma ba ta zama dole ba, kuma SQLite ne zai dace a ɗakinka da kuma siton, ba tare da wani canji daga baya ba. Idan kuwa akwai masu shigarwa daga Tawa da Galmi da Madawa a lokaci guda, maganar malaminka ta tsaya.

Saura hanyoyi biyu na gaske, wato girka PostgreSQL kai tsaye a Windows ko kuma ɗora shi cikin Docker, manhajar da ke rufe kowace manhaja da kayanta cikin wani akwati nata da ake kira kwantena. Akwai wasu biyu da ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba. Kafa Linux sukutum cikin VirtualBox ya fi ƙarfin giga 4, rumbun da ake haya a intanet kuwa yana tsayawa duk sa'ad da forfe ya ƙare ko layi ya yanke, kuma ba abin da za ka so ka dogara da shi ba ne a gaban malaman da za su saurari kariyarka.

Abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce ƙwararru na aiki da Docker, abin da bai duba ba shi ne irin kwamfutocin da suke aiki da su. Kwantenar PostgreSQL tana buƙatar Linux a ƙarƙashinta, don haka a Windows sai Docker Desktop ya tayar da wata ƙaramar kwamfutar Linux ta ɓoye ta hanyar WSL 2, wadda idan ba a taƙaita ta ba aka yarje mata ta ci har rabin RAM ɗin na'ura. Windows shi kansa yana cinye kusan rabin giga 4 kafin ka buɗe komai, ga burauza, ga manhajar da kake rubutu a ciki. Idan RAM ya cika, na'urar za ta koma tura abin da ya yi saura kan faifai, kuma idan faifan naka irin tsohon nan ne mai juyawa, kowane latsi sai ka jira. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu a Adar, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 fankar na'ura tana ta kuka, ka ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ban da haka sai ka shiga BIOS ka tabbatar an kunna damar tayar da na'ura cikin na'ura, sannan ka sauke Docker Desktop da WSL da ƙunshin PostgreSQL, kowanne da megabait ɗinsa. PostgreSQL shi kaɗai ba shi da nauyi, domin ma'ajiyar da yake keɓe wa kansa a RAM tun farko megabait 128 ce, kuma lissafin buhunan albasa ba zai sa shi gumi ba.

Shawarata ke nan ka girka shi kai tsaye, amma kafin ka sauke komai ka sa a gano maka sigar da ke kan sabar, abin da umarnin SELECT version() yake faɗa cikin ƙiftawar ido. PostgreSQL yana fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara, 15 a 2022, 16 a 2023, 17 a 2024, kuma ana kula da kowacce tsawon shekara biyar. Lambar farko ita ce abin dubawa. Umarnin MERGE, alal misali, a siga ta 15 ya shigo, don haka idan ka rubuta shi a kan 17 alhali sabar tana kan 14, can zai faɗi. A siga ta 15 ɗin ne kuma aka hana mai amfani na gama-gari ƙirƙirar tebur a sashen public sai an ba shi izini, abin da ke rikita masu bin tsofaffin darussan bidiyo. Kada sabuwar lamba ta ruɗe ka, wadda ta yi daidai da sabar ita ce taka.

Shafin PostgreSQL zai kai ka ga manhajar girkawa ta Windows wadda kamfanin EDB ke shiryawa, tana da megabait ɗaruruwa, don haka ka sauke ta sau ɗaya a inda ka sami wifi, ka ajiye a kile USB, ka kuma ba ƴan ajinku su kwafa. Wajen girkawa ka cire alamar Stack Builder, ba ka buƙatarsa. pgAdmin, manhajar sarrafa rumbun da ke zuwa tare da shi, yana da kyau ga mai son gani da ido amma yana cin RAM fiye da rumbun kansa, kuma idan ka daure ka koyi psql, wanda ake rubuta wa umarni da hannu, za ka ji daɗinsa ranar da ka shiga sabar da ba ta da komai sai baƙin allo. Ka bar ƙofa a 5432, ka rubuta kalmar sirrin babban mai amfani postgres a inda ba za ta ɓata ba, sannan ka ƙirƙiri wani mai amfani na daban da rumbu na daban domin manhajarka, da tsarin rubutu UTF8. Manhajar da aka rubuta tana shiga da sunan postgres takan saba da ikon da ba za a ba ta a sabar haya ba. Ka leƙa fayil ɗin pg_hba.conf ka tabbatar kwamfutarka kaɗai aka yarje wa shiga, wato 127.0.0.1, kuma duk darasin da ya ce ka buɗe wa kowa da kalmar trust don kuskure ya ɓace, ka rufe shi, domin a wifin makaranta ba kai kaɗai ba ne. PostgreSQL zai riƙa tashi tare da Windows, amma kana iya mayar da shi sai ka kunna da hannu idan kana son ka rage wa na'urar nauyi a ranakun da ba ka aikin.

Batun batirinka da ɗaukewar wuta ba abin tsoro ba ne kamar yadda ake zato, saboda PostgreSQL yana fara rubuta kowane canji a wani kundi na musamman kafin ya taɓa teburan, kuma idan na'ura ta mutu farat ɗaya yakan bi kundin ya gyara kansa da zarar ta tashi. Sharaɗin shi ne kada ka kashe fsync, saitin da ke tabbatar rubutun ya kai kan faifai, don neman sauri. Abin da ya fi dacewa ka ji wa tsoro shi ne mutuwar faifai ko ɓatan kwamfutar. Ka rubuta tsarin teburanka cikin fayilolin SQL ka ajiye su a Git, mai riƙe tarihin canje-canjen fayiloli, tare da manhajar, da wani fayil na bayanan gwaji, ta yadda ko yau rumbun ya lalace za ka sake gina shi kafin shayi ya tafasa. Abin da ya wuce haka ka fitar da shi da pg_dump ka kai kile USB. Kwafe jakar da PostgreSQL yake ajiye fayilolinsa yayin da yake aiki ba ajiya ba ce, kuma wata babbar siga ba ta iya karanta jakar wata. Bayanan gwajin kuma ka ƙirƙire su da kanka. Sunayen dillalai na gaske da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su amana ce, ƙasarmu Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, akwai kuma hukumar HAPDP da ke sa ido a kai, don haka ba su da wurin zama a kwamfutar ɗalibi da ke yawo cikin jaka a bayan kabu-kabu.

Daga wata mai rubuta manhaja, Yamai

Malam, barka da aiki. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Yamai, muna kula da manhajojin abokan ciniki uku. Biyu suna kan PostgreSQL, ɗaya siga ta 14 ɗaya ta 16, na ukun kuma tsohuwar manhaja ce a kan MySQL 5.7. Kwamfutata Ubuntu 24.04 ce mai RAM giga 16. Da na girka PostgreSQL da apt, manhajar girkawa ta Ubuntu, siga ta 16 kawai na samu. Shin in tara su duka a kan na'urar, ko akwai hanyar da ta fi tsabta?

Amsa

Barka kadai, Malama. Abin da na hana ɗalibin Tawa shi ne nake ba ki shawara, domin halin da kike ciki shi aka yi Docker dominsa. Kowace sigar Ubuntu da PostgreSQL guda take zuwa, 22.04 da 14, 24.04 da 16, shi ya sa apt bai ba ki zaɓi ba. A Linux kuma Docker ba ya buƙatar wata kwamfutar ɓoye, kwantena tana gudana kai tsaye a kan na'urar, don haka nauyin da na yi ta magana a kai a sama bai shafe ki ba. Docker Engine kaɗai ya ishe ki, ba sai kin girka Docker Desktop ba.

Ki ba kowane aiki fayil ɗinsa na Compose, wanda ke faɗa wa Docker kwantenar da zai tayar, a cikin jakar manhajar, ki rubuta sigar ɓaro-ɓaro, postgres:14 ko postgres:16 ko mysql:5.7. Kada ki bar latest, domin wata rana za ki sake saukewa ya kawo miki sabuwar babbar siga, ta tarar da fayilolin tsohuwa ta ƙi tashi. Ki keɓe wa bayanan ma'ajiya mai suna a wajen kwantenar, tunda kwantena abar zubarwa ce, kuma ki sani cewa docker compose down ba ya taɓa wannan ma'ajiya amma da zarar kin ƙara masa -v ya share ta, ba tambaya.

Akwai tarko guda da ko waɗanda suka daɗe a aikin suke faɗawa ciki. Idan kika rubuta 5432:5432 kawai, Docker zai buɗe ƙofar ga duk wanda ke kan layi ɗaya da ke, kuma yana yin haka ta bayan ufw, wato ko kin rufe ƙofar a katangar Ubuntu tana nan a buɗe. Ki rubuta 127.0.0.1:5432:5432, na biyun ki ba shi 5433 idan kina son su tashi tare. Tunda kin riga kin girka siga ta 16 da apt, ita ce ke riƙe da 5432 a yanzu, sai ki tsayar da ita ko ki cire ta, in ba haka ba kwantenar za ta ce ƙofa a kame take. Game da kuɗin intanet, mutum ɗaya a ofis ya sauke ƙunshin, ya fitar da shi da docker save zuwa kile USB, sauran su shigar da docker load.

Gaskiya ne ana iya yi ba da Docker ba, domin masu PostgreSQL suna da nasu rumbun apt mai ɗauke da sigogi da yawa, kuma Ubuntu da Debian sun iya zaunar da su gefe da gefe, kowacce da ƙofarta, pg_lsclusters yana nuna miki su. Da PostgreSQL kaɗai ne a gabanki da na ce wannan ma ta wadatar. MySQL 5.7 ne ya ɓata lissafin, saboda babu shi a rumbun Ubuntu 24.04, kuma cusa shi da ƙarfi yakan jawo rikici da sauran kayan na'urar. Ki kuma sanar da mai wannan manhaja a rubuce cewa an daina fitar wa 5.7 gyaran tsaro tun Oktoban 2023.

Daga wani malamin makaranta, Yamai

Malam, na haɗa ƴar manhajar rajistar ɗalibai da PHP da MySQL a kwamfutata. Sunaye masu é da è suna fitowa daidai, amma Ɗanladi ya koma ?anladi. Da na ɗora ta a sabar haya kuma sai ta ce babu teburin Eleves, alhali ina ganinsa da idona.

Amsa

Malam, Allah ya ƙara basira. Matsalolin biyu daga saitin girkawa suka fito. An ƙirƙiri teburanka da tsarin baƙaƙe na latin1, wanda MySQL ya riƙa zaɓa da kansa har zuwa siga ta 5.7 kafin 8.0 ta koma utf8mb4. Baƙaƙen Faransanci masu alama suna cikin latin1, shi ya sa ba ka lura ba, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa ciki. Ka mayar da rumbun da teburansa utf8mb4, ka kuma faɗa wa PHP ya buɗe hulɗa da charset=utf8mb4, domin gyara ɓangare ɗaya ba ya isa. Ka guji wanda MySQL ke kira utf8 kawai, yana ɗaukar baƙaƙenmu amma ba ya ɗaukar alamomin fuska da ake turowa daga waya.

Shi kuwa tebur, MySQL a Windows yana mayar da sunayen tebura ƙananan baƙaƙe kuma ba ya bambanta Eleves da eleves, a Linux kuwa sunaye biyu ne daban. Teburin naka ya isa sabar a matsayin eleves, manhajar tana kiran Eleves. Ka gyara sunan a cikin manhajar, daga yau kuma ka riƙa rubuta sunayen tebura da ƙananan baƙaƙe zalla.

Kafin ka taɓa komai ka fitar da kwafi da mysqldump, sannan ka buɗe teburin ka duba yadda sunayen suke a ajiye. Inda ka ga ɗ ta zama É— ko ƙ ta zama Æ™, harafin yana nan, karatunsa ne ya karkace, kuma ana iya dawo da shi ta hanyar juya gurbin zuwa BINARY sannan zuwa utf8mb4. Inda alamar tambaya ce aka ajiye a cikin teburin kansa, harafin ya tafi tun ranar shigarwa, sai ka ɗauko rajistar takarda ka sake rubuta waɗannan sunaye da hannu.